Biskit ɗin ots marar sukari a teburin fika: da dabino ko ba dabino?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Juma'ar nan mai zuwa layi ya zo kaina na kai abin taɓawa wurin aikinmu a nan Upsala, ƙasar Suwidin. Kowace Juma'a mutum ɗaya ne ke ɗauke da nauyin fika, sunaye na manne a jikin firjin ɗakin hutu, ba ka da ta cewa. To akwai wani dattijo a sashenmu da aka gano yana da ciwon sukari kwanakin baya. Tun daga nan in an zauna sai ya riƙe kofinsa yana kallon faranti, abin tausayi. Ni ma tun cikin Ilham likita ya ja min kunne. Na ce bari in yi biskit ɗin ots marar sukari kowa ya ci. Jiya na gwada irin nasu da suke kira havreflarn, na cire sukarin gaba ɗaya. Abin da ya fito daga obin, ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Wa ya taɓa yi ya yi kyau?

Kawu Isa: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga biskit, 'yata, mene ne kuma fika? Mu da ke Sabon Gari a yi mana bayani.

Anti Bilki (Malmo): Kawu, zaman shan gahawa ne, amma in na ce maka haka kawai na rage masa daraja. A yawancin wuraren aiki a Suwidin ana tashi sau biyu, da hantsi wajen ƙarfe goma, da kuma wajen uku na yamma. Kowa ya bar abin da yake yi a taru a ɗaki guda, a zuba gahawa ko shayi, a ci ɗan abin zaƙi, a yi hira ta minti goma sha biyar ko ashirin. Shugaba da mai shara kujera iri ɗaya. Shekara ta goma sha tara ina aikin jinya a ƙasar nan, kuma wallahi yawancin abin da na sani game da wurin aikina a teburin nan na ji shi. Wanda ya ɗauki kofinsa ya koma gaban kwamfuta shi kaɗai, ba wanda zai ce masa uffan, amma an rubuta masa a zuci.

Kawu Isa: Wato ana biyan mutum albashi ya zauna shan gahawa sau biyu a rana. Da a nan ne da an ce lalaci.

Anti Bilki (Malmo): Ai bambancin, Kawu, in minti ashirin ɗin ya cika kowa tashi yake. Ba a kiran mutum sau biyu.

Ɗan Damagaram: To ai wannan fada ce kawai aka sa wa agogo. Mu nan Zinder tun yaushe muke zama a dafa shayi zagaye uku, na fari da ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi zalla. Turawa sun ga abu sun ba shi suna, duniya na ta tafi.

Habu Lund: Ɗan Damagaram, ba su kwafa daga gare ku ba dai, nasu ma ya tsufa. Sunan kansa wasan harshe ne: tsohuwar kalmarsu ta gahawa ita ce kaffi, aka juya gaɓoɓin ta koma fika, kamar yadda yara ke juya magana don kada manya su gane. Kuma gahawar nan sun sha wuya a kanta. Ta shigo ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17, sannan tsakanin 1756 da 1823 sau biyar hukuma na haramta ta. Babban dalilin kuɗi ne, ana ganin dukiyar ƙasa na zurarewa waje wurin sayen abin da ba ya tsirowa a gida. Maman Ilham, har mutumin garinku, Carl von Linné, masanin tsirrai na Jami'ar Upsala, yana cikin masu sukar ta, ya yi ta neman abin da za a sha a madadinta. Mutane kuwa ba su daina ba, a ɓoye suke dafawa.

Habu Lund: Akwai ma labarin da kowane ɗan ƙasar zai ba ka, wai Sarki Gustav na Uku ya sa wasu tagwaye da aka yanke wa hukuncin kisa, ɗaya ya riƙa shan gahawa kullum ɗaya shayi, don a ga wanda zai riga mutuwa. Wai likitocin da ke lura da su suka riga su, sarkin ma aka harbe shi a 1792, mai shayin ya mutu da tsufa, mai gahawa ya fi kowa daɗewa. Harbin sarkin gaskiya ne. Sauran kuwa masana tarihinsu sun fi ɗaukar sa a matsayin tatsuniya.

Maman Ilham: Habu, Allah Ya ƙara ilimi, amma Juma'a saura kwana huɗu kuma tagwayen ba za su gasa min biskit ba.

Hajiya Mai Cincin: Bar su, 'yata, zo mu yi maganar kicin. Turo min yadda kika haɗa.

Maman Ilham: Maƙwabciyata ce ta ba ni. Su da desilita suke awo, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Ots desilita 3, sukari desilita ɗaya da rabi, bota gram 100 a narke, ƙwai ɗaya, fulawa cokali ɗaya, bekin hoda ƙaramin cokali. A ɗiga da cokali a faranti, a gasa a zafi digiri 175 kamar minti bakwai. Nata yakan baje ya yi siriri kamar leshi, ya yi ƙaras-ƙaras. Ni na bi komai sai sukarin da na tsallake. Nawa ya zauna dunƙule-dunƙule, fari fat, kana taɓawa yana zubewa.

Hajiya Mai Cincin: Dole. Kin cire ginshiƙi kina mamakin rufi ya faɗo. A irin wannan biskit ɗin aikin sukari ya wuce zaƙi. Shi ke narkewa da botar ya sa ƙullun ya baje, shi ke ƙonewa kaɗan ya ba da jan nan da ƙamshi, in ya huce kuma shi ke daskarewa ya riƙe ots ɗin ya ba ki ƙaras-ƙaras. Kamar alewar gyaɗa ce ko kantun riɗi, in kin cire sukari me ya rage? Riɗi a faranti. Ki haƙura da wancan siririn. Ki yi mai kauri mai taushi. Ki jiƙa dabino kamar goma sha biyu a ruwan zafi, ki cire ƙwallon ki markaɗa, ki haɗa da ots, bota, ƙwai, kirfa da ɗan gishiri. Ki danna kowane da bayan cokali don ba zai baje da kansa ba. Shekara nawa ina yi wa masu ciwon sukari shi, ba wanda ya dawo min da shi.

Malam Nura: Hajiya, da girmamawa, a nan ne zan sa baki, don abincin masu ciwon sukari shi ne aikina. Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. In an markaɗa goma sha biyu an zuba a ƙullu, sukari aka zuba, sai dai ya zo da ɗan harza da ma'adinai. Ya fi farin sukari, ban musa ba. Amma jinin mai ciwon ba ya tambayar daga bishiya ya fito ko daga buhu. Abin da ke ba ni tsoro shi ne sunan. In aka ce wa dattijon nan "babu sukari", zai saki jiki ya ci biyar, alhali da an ce masa na sukari ne da rabi zai ɗauka.

Hajiya Mai Cincin: Malam Nura, dabinon da muke buɗa baki da shi, abincin sunna, shi ne yau ya zama abin tsoro?

Malam Nura: Subhanallah, ban ce haka ba Hajiya. Dabino uku a buɗa baki daban, goma sha biyu a markaɗe cikin bota daban. Zuma ma waraka ce, amma Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2015 ta lissafa ta tare da farin sukari da ruwan 'ya'yan itace a cikin abin da za a taƙaita. Ta ce kada su wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kamar gram 50 ga baligi, ƙananan cokula goma sha biyu. In an iya komawa rabin haka, cokali shida, ya fi.

Ɗan Damagaram: Cokali shida a rana? Malam, wannan ai a zagaye na fari muke gamawa da shi.

Malam Nura: Shi ya sa nake ganin 'yan fada a layin asibiti.

Anti Bilki (Malmo): Maman Ilham, ki saurari Malam a kan batun suna, don a nan kalmomin biyu ne kuma mutanen sun san bambancinsu. A dokar Tarayyar Turai, kafin a rubuta sockerfri, wato marar sukari, a jikin kaya sai sukarin bai wuce rabin gram a kowane gram 100 ba. Ɗayan kuma shi ne utan tillsatt socker, wato ba a ƙara sukari ba, sai wanda ke cikin kayan haɗin tun asali. Ke ba sayarwa za ki yi ba, doka ba ta hau kanki, amma kin san halinsu. Wata za ta juya biskit ɗin ta tambaye ki me da me ke ciki, kuma tana son amsa dalla-dalla. Ki rubuta kayan haɗin a 'yar takarda ki ajiye kusa da faranti. Kuma kada ki kuskura ki sa gyaɗa. Masu rashin jituwa da ita suna da yawa, makarantu da dama ma sun hana shiga da ita kwata-kwata.

Maman Ilham: Kai, Anti, kin cece ni. Da ina shirin barbaɗa gyaɗa a kai.

Anti Bilki (Malmo): Sannan ki lura da vaniljsocker ɗin da suke sa wa a komai don ƙamshi. Sunansa ma ya faɗa miki, garin sukari ne. Na taɓa ganin wadda ta cire sukari ta zuba shi cokali biyu tana alfahari.

Kawu Isa: Ni shekara goma sha ɗaya ina fama da ciwon nan, bari in faɗi nawa. Abin da ya fi ci min rai a taro shi ne a kawo min wani abu daban a ƙaramin faranti a ce "wannan na Kawu ne". Kowa ya juyo yana kallona kamar jinjiri. Gara a bar ni in gutsuri na kowa kaɗan. 'Yata, in za ki yi, ki yi iri ɗaya kowa ya ci, kada ki nuna dattijon da yatsa.

Maman Ilham: In sha Allahu Kawu, haka na yi niyya. Ba zan ma ambaci sunansa ba.

Zainab 'yar Kumasi: Ni tambayata, me ya hana a sa irin garin zaƙin nan na masu ciwon sukari? Ba shi ke nan ba?

Hajiya Mai Cincin: Na gwada, ɗanɗanon magani yake bari a baki.

Malam Nura: Ya danganta da irinsa. Wanda aka fi gashi da shi a can shi ne eritiritol. Zaƙinsa kamar kashi 70 cikin 100 na sukari, kusan ba ya ɗaga sukarin jini, amma ba ya ja a wuta kuma yana barin sanyi-sanyi a harshe kamar an sha minti. Akwai zailitol, shi ya fi kama da sukari a baki, sai dai in aka ci da yawa yana sa gudawa, kuma guba ne ga karnuka. A ƙasar da mutum zai nannaɗe ragowar biskit ya kai gida inda kare ke kwana a falo, wannan abin faɗa ne. Haka kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da irin su sitibiya da asfatem don rage ƙiba, ko da yake ta ware waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari daga wannan shawarar. Ni abin da nake ce wa mutanena, a koya wa harshe rage son zaƙi ya fi a yi ta canza masa mai ba shi.

Zainab 'yar Kumasi: To ots ɗin kansa fa? Na ɗauka shi lafiya ne zalla.

Malam Nura: Yana da kyau. Akwai wani harza mai yauƙi a cikinsa, beta-gulukan, wanda in ana samun gram 3 a rana yana taimakawa wurin rage kitsen jini. Amma gram ukun nan sai kin ci kwano guda cikakke, ba biskit biyu ba. Kuma ots hatsi ne, sitaci ne, a ciki sukari yake komawa kamar gero da masara, sai dai a hankali. Mai manyan ɓawo ya fi wanda aka niƙe ya yi laushi.

Habu Lund: Tun da an zo kan sukari, ku bar ni in ƙara ɗaya, wannan a garin da nake zaune ya faru. Kun san yaran Suwidin ranar Asabar kawai ake saya musu alewa, lördagsgodis suke ce mata. Asalin abin ba daɗi. A asibitin Vipeholm da ke nan Lund, daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950, an yi gwaji a kan masu naƙasar ƙwaƙwalwa da ke kwance a can. Aka riƙa ba su wata alewa mai danƙo da aka yi musamman don ta manne a haƙori, ana kallon yadda haƙoransu ke ruɓewa, ba tare da sun san abin da ake yi da su ba. Yau abin kunya ne a tarihin ƙasar. Abin da aka gano shi ne yawan ci tsakanin abinci da kuma danƙon abin sun fi yi wa haƙori illa. Daga nan shawarar ta fito, a tara alewa a sha rana ɗaya a mako.

Anti Bilki (Malmo): Kuma abin da baƙo ba ya ganewa ke nan. Yana ganin kanelbulle, burodin kirfan nan da har rana suka ware masa, 4 ga Oktoba tun 1999, ga semla, burodi mai kirim da ake ci kafin azumin Kirista, ga al'adar tsofaffinsu ta jera biskit kala bakwai in an yi baƙi, sai ya ce mutanen nan a cikin sukari suke kwana. Amma ka zauna da su ranar Talata da hantsi. Da yawa gahawa baƙa ce kawai ba sukari, wani da tuffa, wani da ɗan burodi da cuku. Zaƙin na Juma'a ne, kuma ɗaya ake ɗauka. Gahawar ce ake ƙarawa, har suna gare ta, påtår, kofi na biyu.

Ɗan Damagaram: Baƙa ba sukari? Anti, ku yi haƙuri, wannan horo ne.

Anti Bilki (Malmo): Haka na ce a shekarar farko. Yanzu in na zo gida aka haɗa min shayin mai shayi sai in ji kamar an narka alewa.

Ummu Sudais (Gotenbag): Na shigo a makare. Tun da akwai sababbin zuwa a zauren, a kula da wani koren abu mai cakulan a bakinsa biyu, dammsugare. Da ɗanɗanon arrak ake yin sa, wato na giya. Wasu kamfanonin ƙamshin kawai suke sawa, amma ni dai ina karanta jikin leda, in a faranti na gan shi kuma sai in wuce. Maman Ilham, ni ayaba nake sawa maimakon dabino. Sukarinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na dabino ba in aka auna nauyi da nauyi, kuma ita ke riƙe ƙullun. Ayaba biyu da suka nuna har bawon ya yi ɗigo-ɗigo, ots desilita 3, bota gram 50, ƙwai ɗaya, kirfa, kardamom, gishiri. Sirrin shi ne ki fara soya ots ɗin a busasshen kasko har ya yi ƙamshi, botar ma ki bar ta ta ɗan yi ja. Nan za ki maido da ƙamshin da sukari ya tafi da shi. Zafi 175, minti goma sha biyar.

Hajiya Mai Cincin: Soya ots ɗin dabara ce, na karɓa. Amma ayaba zalla zai fito kamar fanke ya kwana. Ki sa dabino ko uku ne, ki yayyanka ƙanana kada ki markaɗa, mutum ya riƙa cin karo da zaƙin jefi-jefi.

Malam Nura: Uku a cikin biskit ashirin, Hajiya, ba ni da magana. A rubuta a takardar kawai.

Hajiya Mai Cincin: Alhamdu lillahi, yau Malam ya sa min hannu.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Zan haɗa na Ummu Sudais da dabinon Hajiya guda uku, in rubuta takarda yadda Anti ta ce. Zan dawo da labari.

Maman Ilham: Salam, na dawo. Na yi guda ashirin da huɗu, na ƙara kwakwa a kai. Gaskiya ba su yi ƙaras-ƙaras ba, gefen ne kawai, cikin da taushi. A takardar na rubuta ots, ayaba, dabino uku, bota, ƙwai, kirfa, kardamom, kwakwa, ba a ƙara sukari ba. Dattijon ya sa tabarau ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya tambaye ni ayaba nawa, na ce biyu. Ya yi shiru kamar mai lissafi, ya ɗauki ɗaya. Da aka zuba påtår ya ƙara rabi. Wata matashiya kuma ta ce min da daɗi, amma wannan karin kumallo ne, ba abin fika ba.

Hajiya Mai Cincin: Ita ta sani. Nawa ya rage?

Maman Ilham: Ɗaya. Kuma ba don ba a so ba. Su ba mai ɗaukar na ƙarshe. Wani ya zo ya raba shi biyu ya ci rabi, wata ta raba rabin. Da na tashi tafiya gida wajen ƙarfe huɗu akwai wani ɗan gutsure kamar ƙwayar wake a tsakiyar farantin, da wuƙa a gefensa.

Ɗan Damagaram: A turo mana shi nan fada, mu ba mu da wannan kunyar.

Kawu Isa: 'Yata, ots ɗin gwangwani da ake sayarwa a nan zai yi? Kuma ba mu da obin, sai tukunya da yashi.

Hajiya Mai Cincin: Zai yi Kawu, sai dai ya fi laushi, a rage ayabar kaɗan. Ka ba Inna lambata, in ta zo gasawa in nuna mata yadda za ta rage garwashin ƙasa don kada gindin ya ƙone kafin saman ya nuna.